Fim Yana Tsayawa, Data Tana Ƙarewa: Saurin Intanet Nawa Gidanki Yake Buƙata?

A makon da aka fara yankan shinkafa na je Wurno gaishe da yayata. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, mu mata biyar da yara muka zagaye ta domin kallon sabon kashi na wani shiri mai dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako. Ba a yi minti uku ba hoto ya daskare, ɗan zoben nan ya fara juyawa a tsakiyar allo. Ya saki, aka ci gaba, ya sake tsayawa. Kafin a kai rabin shirin sai ga saƙo ya shigo, wai data ta ƙare.

Ran Yaya ya ɓaci, kuma tana da dalili. Datar wata guda ta saya da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da take sayarwa, ga shi ko kwana goma ba ta yi ba. Da farko kamfanin layin ta zarga da sata. Daga baya ta juya kan ɗanta mai shekara 14, ta ce shi ne yake ɗauke wayar idan ta yi barci. Wani mai sayar da kayan waya kuma ya riga ya faɗa mata cewa maganin matsalarta shi ne ta sayi rauta, har ta ƙudura idan ta kwashi adashi a ƙarshen wata can kuɗin za su tafi.

Da na karɓi wayar na duba, sai na tarar a saitin YouTube an zaɓi hoto mafi inganci. Wani ɗan uwa da ya zo yawon Sallah daga Sakkwato ne ya canja, da niyyar gyara. Tun daga ranar wayar take jawo bidiyo mai nauyin da sabis ɗin unguwarsu ba ya iya ɗauka da dare, kuma duk abin da ta samu ta jawo, daga cikin datar Yaya ake cirewa. Yaron bai taɓa komai ba.

Na san gidaje da yawa daga Achida zuwa Gandi har Goronyo suna fama da irin wannan. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu yi lissafin tare, kafin wata ta sake zargin ɗanta ko ta zuba kuɗin adashinta a inda ba zai yi magani ba.

Sauri daban, yawan data daban

Duk wadda mijinta ko ɗanta yake noman rani a fadamar Rima ta san injin ban-ruwa da tiyonsa. Tiyo mai faɗi yana kai ruwa gona da sauri, siriri kuma a hankali. Amma faɗin tiyo bai ƙara ko ɗigo a ruwan da ke cikin rijiya ba. Hasali ma mai faɗin ya fi saurin ƙafar da ita.

Haka intanet take. Sauri shi ne faɗin tiyo, ana auna shi da megabit a kowace daƙiƙa, ana rubutawa Mbps. Data kuwa ita ce ruwan da kika saya kika tara, ana auna ta da MB da GB, wato abin da muke kira giga. Giga ɗaya kusan MB 1,000 ce. Idan sauri ya yi ƙasa, fim zai riƙa tsayawa. Idan sauri ya yi kyau kuma ba ki taka wa wayar burki ba, za ta ɗauko hoto mafi nauyi da kanta, data ta ƙare da wuri.

Wannan ne amsar ƙorafin da mata da yawa suke yi, cewa tun da suka sayi sabuwar waya mai 4G data ta daina albarka. Tsohuwar wayar siririn tiyo ce, dole ta nuna hoto mai sauƙi. Sabuwar ta samu hanya, sai ta buɗe baki.

Lambobin da ya kamata ki riƙe

Idan kika taɓa alamar saiti a saman bidiyo za ki ga lambobi irin su 360p, 480p, 720p da 1080p. Lambar tana nuna yawan layukan ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoto daga sama zuwa ƙasa. Daga 720p ne ake kiran hoto HD, wato tangaran, mai fitowa tas. Ga saurin da kamfanin YouTube da kansa ya ce kowane mataki yana buƙata:

- 360p: Mbps 0.7
- 480p: Mbps 1.1
- 720p: Mbps 2.5
- 1080p: Mbps 5
- 4K: Mbps 20

Netflix ma lissafinsa bai yi nisa da wannan ba: Mbps 3 domin 720p, Mbps 5 domin 1080p, sai Mbps 15 domin 4K.

Kin ga ke nan hoto tangaran a waya ɗaya bai wuce Mbps 3 zuwa 5 ba. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, saurin ya zama mai ɗorewa. Sabis ɗin da yake kai 8 yanzu, ya faɗo 1 bayan minti guda, zai sa fim tsayawa fiye da wanda ya tsaya daram a kan 3. Na biyu, lissafin na waya ɗaya ne. Idan kin kunna wa gida hotsfot, ke kina kallon shirinki, babbar 'yarki tana kallon darasin lissafi, maigida yana sauraren tafsiri mai hoto, kason kowa daga tiyo ɗaya yake fitowa. Mutum uku a kan 720p suna buƙatar Mbps 7.5, amma idan kowa ya sauko 480p, Mbps 3.3 ya ishe ku.

Giga ɗaya, awa nawa?

Akwai lissafi mai sauƙi. Mbps 1 idan ya yi awa guda yana gudana, ya cinye MB 450. Idan muka ɗora wannan a kan lambobin da ke sama, giga ɗaya za ta ba ki:

- kimanin awa 3 a kan 360p
- kimanin awa 2 a kan 480p
- ƙasa da awa 1 a kan 720p
- ƙasa da rabin awa a kan 1080p
- ƙasa da minti 7 a kan 4K

Sau da yawa abin da bidiyo yake ci a zahiri bai kai haka ba, musamman idan hoton ba mai yawan motsi ba ne, kamar malami zaune yana karatu. Amma tazarar da ke tsakanin matakan tana nan yadda take. Gidan da yake kallon awa ɗaya kowane dare, a wata zai iya cin giga 9 da rabi a kan 360p, giga 15 a kan 480p, giga 34 a kan 720p, ko giga 68 a kan 1080p. Shiri ɗaya, labari ɗaya, dariya ɗaya, amma kuɗin ya ninka har sau bakwai.

Wannan lissafin ya ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Kowace giga yanzu tana gogayya da kuɗin sabulu da na makarantar Islamiyya.

Ga kuma wani abu da masu sayar da waya ba su cika faɗa ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi na Tecno, itel da Infinix da muke riƙewa, allonsu iyakarsa 720 ne. Ko kin zaɓi 1080p, allon ba shi da ɗige-ɗigen da zai nuna miki ƙarin. Kin biya kuɗin buhu, an auna miki tiya. A allon da bai wuce tafin hannu ba, 480p yana fitowa da kyau, ana ganin fuska, ana karanta rubutu. Inda HD yake nuna bambancinsa sosai shi ne babbar talabijin ta falo.

Sabis ya cika, amma fim yana tsayawa

Sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman waya ƙarfin siginar da ke tsakaninki da ƙarfen sabis kawai suke nunawa. Ba sa faɗa miki mutum nawa ne suke rabon ƙarfen tare da ke. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Bayan isha'i, lokacin da kowane gida ya kunna waya, kason kowa yana raguwa. Haka ma ranar kasuwa, idan 'yan albasa da tafarnuwa da masu dabbobi suka cika gari, kowa da wayarsa, ga masu POS suna ta aiki.

Ki duba harafin da ke gefen sandunan. Idan E ne, wannan 2G ce, ko 360p ba za ta ɗauka da daɗi ba, sai dai saƙon rubutu da na murya. H ko H+ na nufin 3G, wadda takan ɗauki 360p ko 480p idan babu cunkoso. 4G ko LTE ita ce ake sa ran ta ɗauki HD.

Gini ma yana da tasiri. Katanga mai kauri, ta ƙasa ko ta bulo, da rufin kwano suna rage sigina. Shi ya sa waya take aiki a tsakar gida ko bakin taga, ta shiga ƙuryar ɗaki ta mutu. Nisa daga ƙarfe ma haka: wadda take cikin garin Rabah da wadda take ƙauyen da ke bayan gari ba za su samu abu ɗaya ba ko da layinsu ɗaya ne.

Wani lokaci kuma matsalar daga nesa take. Ƙarafan sabis da yawa da janareta da batir suke aiki, idan mai ya yanke sai su yi shiru. Ana kuma yanke wayoyin ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka ji a jikinsu. A irin wannan rana babu saitin da zai taimaka, sai haƙuri.

Auna da kanki

Kada ki dogara da maganar mai shago. Ki buɗe shafin fast.com a wayarki, ba ya buƙatar rajista, cikin daƙiƙoƙi zai nuna miki lamba. Ki gwada sau uku: da sassafe, da rana, da kuma bayan isha'i, a daidai wurin da kuke zama kallo. Lambar dare ita ce gaskiyar gidanki. Kada ki yawaita gwajin, domin shi ma yana cin data.

Idan lambar dare ta kai 5, za ki iya kallon HD idan aljihu ya yarda. Idan tsakanin 1.5 da 3 take, 480p ne naki. Idan ba ta kai 1 ba, ki tsaya a 360p ko ki sauke shirin tun da wuri. Ki roƙi maƙwabciyar da take da wani layin daban, MTN ne ko Airtel ko Glo, ta zo ta gwada nata a tsakar gidanki. Layin da ya fi ƙarfi a wata unguwa yakan zama shi ne mafi rauni a wata, gwaji ne kaɗai zai nuna.

Kafin ki sayi rauta

Rauta ko MiFi da ake saka wa sim daga ƙarfen sabis ɗin da wayarki take sha ita ma take sha. Idan cunkoso ne matsalar, ba za ta ƙirƙiro sauri daga babu ba. Inda take da amfani shi ne gidan da sabis yake da kyau a waje amma ba ya shiga ɗaki. Sai a ajiye ta a bakin taga ko wani wuri mai tsayi, ta raba wa wayoyin gida ta Wi-Fi. Tana kuma hutar da batirin wayarki daga zafin hotsfot. Ki tuna tana buƙatar wuta ko caji, kuma da zarar yara sun san lambar sirrinta, data za ta riƙa tafiya ta ƙofofi da yawa. Idan za ki saya, ki nemi a gwada miki ita a gidanki da dare tukuna.

Game da 5G, MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma daga manyan birane aka faro. Waya mai 5G ba ta da wani ƙarin amfani a garin da ƙarfensa bai da 5G, don haka kada wannan ya zama dalilin ƙarin kuɗi. Starlink, mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Yana da sauri kuma bai dogara da ƙarfen gari ba, amma na'urarsa ɗaruruwan dubban naira ce, kuɗin wata dubbai masu yawa, ga buƙatar wuta a kowane lokaci. Ya fi dacewa da makaranta, asibiti ko shagon kwamfuta fiye da gidan da kallon awa ɗaya ne buƙatarsa.

Ya kamata kuma mu san abin da aka yi mana alkawari. Tsarin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, ya sa burin kai Mbps 25 a birane da Mbps 10 a karkara, kuma giga ɗaya kada ta wuce naira 390. Ki kwatanta wannan da lambar da kika samu a tsakar gidanki da kuɗin da kika biya a wannan watan. Idan sabis ya daɗe da lalacewa a unguwarku, ki kira 300 ki kai ƙorafi ga kamfanin layinki. Idan ba a yi komai ba, 622 lambar NCC ce ta masu ƙorafi, kuma kyauta ce.

Gyaran da ba ya cin ko sisi

Waɗannan su ne abubuwan da na yi wa wayar Yaya a daren, ba su kai minti goma ba.

A YouTube, ki shiga saiti, ki nemi wurin zaɓin ingancin bidiyo, ki zaɓi inda aka rubuta "Data saver". Wannan zai zauna har sai kin canja. Lambar da kika zaɓa a saman bidiyo guda kuwa, ga wannan bidiyon kaɗai take aiki. Ki kuma kashe tsarin da yake kunna bidiyo na gaba da kansa, domin shi ne yake ci gaba da shan data bayan barci ya ɗauke ki.

A Facebook da TikTok ma akwai wurin rage cin data a cikin saiti. A WhatsApp, ki hana waya sauke bidiyo da hotuna da kanta. Zauren 'yan uwa, na 'yan adashi da na tsofaffin ɗalibai, kowanne yana turo bidiyon biki, wayar tana kwasa ba tare da kin buɗe ba. A can kuma akwai maɓallin rage data lokacin kira, wanda zai taimaka idan kina gaisawa da maigida yana ci-rani a Legas ko Ibadan. Kiran bidiyo yana buƙatar sauri ta ɓangare biyu, turawa da karɓa, shi ya sa idan sabis ya yi rauni gara a kashe hoto a bar murya.

A kantin manhajoji na Play Store, ki saita sabuntawa ta zama sai an samu Wi-Fi. Sannan ki saba danna *323# kafin kallo da bayansa domin ganin ragowar data. Kwana uku kika yi haka, za ki san abin da kowane shiri yake ci a wayarki.

Sauke ki ajiye

Mutanen wannan yanki sun san abin da ake nufi da rashin sabis gaba ɗaya. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Mai son kira sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake. A lokacin, abin da ke cikin waya da memori kaɗai ya rage wa mutane: karatun Alƙur'ani, darasin yara, lambobin 'yan uwa. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

Darasin yana da amfani ko a lokacin lafiya. YouTube yana bari a sauke wasu bidiyoyin a cikin manhajarsa a kalla daga baya, sai dai yakan so a haɗa da intanet lokaci zuwa lokaci. Ki sauke da asuba, lokacin da ƙarfe ya huta, ko da datar dare mai rahusa da kamfanoni suke sayarwa. Ki zaɓi ƙaramin mataki wajen saukewa. Abin da yara suke maimaitawa sau goma, kamar karatun surori ko darasin haruffa, saukewa sau ɗaya ya fi kallo sau goma a kan layi. Ki kuma nemi shirin a tashar masu shi ta asali, domin da kallonmu ne suke samun abin biyan ma'aikatansu. Idan an kai memori kasuwa an turo fina-finai, ki fara dubawa da kanki kafin ki miƙa wa yara.

Tun da maganar yara ta zo, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, idan ya gaza haka ma ya fi. Wayar da aka miƙa wa yaro domin ya yi shiru tana cin data, tana kuma cin lokacin da zai yi wasa da hira da ke.

Washegari muka ƙarasa shirinmu a kan 360p da 'yar datar da na tura wa Yaya. Bai tsaya ko sau ɗaya ba, kuma babu wadda ta ce hoton ya yi dishi-dishi. Da muka auna saurin gidan da dare, bai kai 2 ba, rautar da aka so ta saya ma daga wannan ƙarfen za ta sha. Kuɗin adashin buhun gyaɗa ta saya da su. Yaron kuwa ta kira shi gaban kowa ta ba shi haƙuri, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ke fa 'yar uwa, idan kin auna naki bayan isha'i, lamba nawa kika samu, kuma a wane gari? Ki faɗa mana, wata maƙwabciyarki za ta amfana kafin ta kashe kuɗinta.